Amsa ga 'yar'uwar da ta ce burinta ba ya wuce watan Maris

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi tambayarki ta taɓa ni, don ciwon da kike faɗa ciwonmu ne, da yawa dai ba sa iya buɗe baki. Kin ce duk ƙarshen Disamba sai kin cika takarda da buri: rage ƙiba, sauke Alƙur'ani, tara jari, canza kujeru, biyan bashin naira dubu 160 da ke kanki, kula da Mama da ke fama da hawan jini. Kafin Maris ya ƙare takardar ma ta ɓata, ke kuma kin koma zargin kanki da lalaci. Ba lalaci ba ne, ki cire wannan a ranki.

Ki sake duba abubuwa shidan nan. Rage ƙiba da kujeru, tsakaninki da Allah, naki ne ko na status ɗin mutane ne? Ga yadda ake gane wa. Ki tambayi kanki a kan kowanne: idan shekara ta ƙare ban yi wannan ba, zai hana ni barci, ko kunyar mutane kawai zan ji? Abin da zai hana ki barci shi ne naki. A rubutunki sau uku kika ambaci Mama, bashin kuma kika ce yana sa ki sauya hanya idan kin hango mai kuɗin. Kujeru sau ɗaya suka fito, a ƙarshen layi. To kin riga kin ba kanki amsa. Bashi, Mama, Alƙur'ani. Uku sun ishe ki, sauran ki soke su, kada ki ce za ki ajiye su a gefe, don na gefen su ne ke cinye kuɗin na tsakiya.

Bashin nan shi zan fi tsayawa a kai. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne raba kuɗin gida goma sha biyu, kamar duk watanni ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. A 2026 azumi zai kama wajen tsakiyar Fabrairu, ƙaramar Sallah a Maris, layya a ƙarshen Mayu. Ga kuɗin makaranta a Janairu, da wajen Afrilu ko Mayu, da kuma babban na Satumba mai haɗe da littattafai da yunifom. Shi ya sa burinki ke mutuwa a Maris, kayan Sallar yara ne ke binne shi, ba wani abu ba. Ki cire Janairu, Maris, Mayu da Satumba daga lissafi tun yanzu. Saura wata takwas, dubu 160 a raba takwas ya zama dubu 20. Ki je wurin mai kuɗin da ƙafarki, ba ta waya ba, ki ce mata ga watannin da zan biya, ga waɗanda ba zan iya ba. A rubuta, kowa ta riƙe kwafi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka babu abin kunya a ciki. Mai bin bashi ta fi haƙuri da wadda ta zo da lissafi a kan wadda ke kashe waya.

Kuma ranar da alat ya shigo, ranar za ki tura. Ba gobe ba. Idan albashi ya kwana uku a asusu ya zama na jama'a.

Na jama'a, eh. Nan ne zuciyata ke tafasa. Mace ta yi wata guda tana tashi da asuba, ta yi abin kari, ta bi Keke Napep da kuɗin da ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023, albashi ya shigo, kafin la'asar waya ta fara ƙara. Ƙanin da ba ya gaishe ki sai ƙarshen wata. Ƙawar da ta ce "ranta min zuwa Juma'a", Juma'a ta zo ta wuce, wata uku, sai ki gan ta a status da sabon leshi da gwaggwaro, idan kin yi magana ki zama marar mutunci, a kai ƙararki wurin manya a ce kin fiye son abin duniya. Mafi ciwo ita ce ranar da aka koro yaro daga makaranta, ya tsaya a tsakar gida da jakarsa a baya yana kallonki, ke kuma kin san kuɗinsa suna hannun mutum uku da ba wanda zai ɗaga wayarki a cikinsu. Ki kira, ta yi ta ƙara har ta katse. Ki sake kira, a kashe. Sannan da yamma ki haɗu da ɗaya daga cikinsu a gidan suna, ta rungume ki tana "ina kika shiga ne?" Kuma ke ce za ki yi murmushi. Allah Ya isa kawai mutum zai ce, wallahi. Wanda bai ɗanɗana ba zai ga kamar ƙorafi ne.

Maganinsa a yi wa taimako iyaka kafin a roƙa. Ki ware wani abu ƙayyadadde kowane wata, misali dubu 5 a albashin dubu 100, ki sa masa suna kuɗin zumunci. Wanda ya fara zuwa ya samu, kyauta, ba rance ba, don kada ki zauna jiran abin da ba zai dawo ba. Idan ya ƙare, amsa ɗaya ce: "Na wannan watan ya ƙare, Allah Ya hore." Ba sai kin yi dogon bayani ba, bayani ne ke buɗe ƙofar ciniki. Anko ma haka. Ki yanke tun Janairu cewa bana anko biyu zan yi, na 'yan ɗakinmu kawai. Sauran ki sa atamfarki mai kyau, ki kai gudummawa daidai ƙarfinki, ki dawo gida. Za a yi magana sati biyu a manta.

Don Allah kada ki ci bashi don biyan bashi, musamman na manhajojin waya masu ba da rance cikin minti biyar. Ruwansu ya yi yawa, wa'adinsu gajere, kuma idan kin makara suna tura saƙon cin mutunci ga lambobin da ke wayarki, har surukai. Adashi kuwa yana da kyau idan kin san gidan uwar adashi da mijinta, kuma mutanen ba su wuce goma ba. Inda yake lalacewa shi ne waɗanda suka kwashi farko su fara jan ƙafa, na ƙarshe su tashi da rabin kuɗi. Idan za ki shiga, a rubuta jerin kwasa tun ranar farko, kuma kada zubinki ya haɗu da dubu 20 na bashi su wuce kashi ɗaya bisa uku na abin da kike samu. Ni a ganina ma, bana ki haƙura da adashi har bashi ya fita.

Maganar Mama. "Zan riƙa kula da Mama" ba buri ba ne, fata ne. Ki mayar da shi abin da ake iya ƙirgawa. Maganin hawan jini ba a shansa yau a bari gobe, kuma abin da ke faruwa a gidaje da yawa shi ne magani ya ƙare ranar 20 ga wata, a jira albashi, ta yi kwana goma babu. Ki sayi na wata guda cif, ki rubuta ranar ƙarewarsa a jikin kwalin, ki sa ƙararrawa a waya kwana biyar kafin nan. Idan da hali ki saya mata na'urar awon jini ta hannu, a riƙa rubuta awon a littafi ana kai wa likita ranar asibiti. Kuma ki kai kaya, kada ki tura kuɗi, musamman idan akwai samari zaune a gidan. Kin gane abin da nake nufi. Hatsi ki saya lokacin kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin galibi ya fi sauƙi. Wake ki zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ki matse iskar ki ɗaure kowace leda daban, ba ya buƙatar maganin ƙwari. Idan leda ta huje ko ba a ɗaure da kyau ba, aikin ya ɓaci. Sannan ki tsayar da ranar zuwa, misali Asabar ta farko a kowane wata, ki sanar da maigida tun yanzu don kada ya zama sabon neman izini kullum.

Saukar Alƙur'ani ita ce mafi sauƙin lissafi, amma mu mata muna manta abu ɗaya. Bugun Madina shafi 604 ne. Ana cewa shafi biyu a rana ya isa, don zai ɗauki kwana 302. Wannan lissafin maza ne. Ki cire kwanakin da ba kya sallah, wajen mako guda kowane wata, ki cire ranakun rashin lafiyar yara da baƙi, za ki ga ba ya kaiwa. Ki yi shafi uku: kwana 202 ke nan, kin samu sarari mai yawa. Ki liƙa su da sallah, biyu bayan Asuba kafin yara su tashi, ɗaya bayan Isha. Idan rana ta kuɓuce kada ki ce gobe zan yi shida, ranar da aka fara tara ramuwa ranar ake fara gudu. Ki ci gaba daga inda kika tsaya. Hadisin Nana A'isha da ke Bukhari da Muslim ya ce aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne.

Af, na tuna, idan akwai ramuwar azumin bara a kanki, ita ce ta farko kafin komai, don Janairun 2026 zai kama Rajab da farkon Sha'aban. Ga sanyi, ga rana gajera. Litinin da Alhamis, mako huɗu kin rama takwas.

Takardar kuma kada ki sake rubuta ta a waya ko cikin littafin da za a ajiye a durowa. Ki liƙa ta a cikin murfin wardrob, inda za ki gani kullum amma baƙi ba za su gani ba. Kada ki sa a status, kuma kada ki faɗa wa masu neman rancen nan a wurinki cewa kina tara wani abu. Mutum ɗaya tak za ki faɗa wa, wadda za ta iya tambayarki ranar 1 ga wata, "kin tura dubu ashirin ɗin?" ba tare da ta kai labarin gaba ba. Idan babu irinta a kusa da ke, ki yi min magana ta akwatin saƙo, zan riƙa tambayarki. Allah Ya ba Mama lafiya, Ya yaye miki bashin nan.