Gita Mai Rami Ko Toshasshiya: Wacce Zan Saya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina kaɗa gita a ƙungiyar da ke da mai ganguna da mai fiyano, kuma sautinmu da ƙarfi yake fita. Na ga wata gitar lantarki mai rami a ciki, da tsaga biyu a fuskarta, ta shiga raina. Abokan kiɗana sun ce in sayi toshasshiya, wato ta dunƙulen katako marar rami. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, a irin kiɗanku, abokanka sun fi ka hujja.

Gita mai rami akwati ce ta siririn katako mai iska a ciki. Idan ka ƙara sautin amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, iskar da lasifika ke turowa tana girgiza fuskar akwatin, fuskar ta girgiza tsirkiya, maganadisun da ke ƙarƙashin tsirkiya ya ɗauka ya mayar wa amfilifaya. Haka abin zai yi ta zagayawa har ya zama ƙugin da ba kai ka kaɗa shi ba. Wannan matsalar ce ta sa aka koma ga dunƙulen katako: kamfanin Fender ya fito da irin da ake kira Telecaster a 1950, kamfanin Gibson ya biyo da Les Paul a 1952, Stratocaster ta zo a 1954. Dunƙulen katako ba ya amsa wa lasifika sosai, don haka yana jure ƙara, kuma sautin tsirkiya yana daɗewa kafin ya mutu.

Ba wai mai rami ba ta da daɗi. Muryarta mai kauri ce da taushi, shi ya sa makaɗan jaz suka riƙe irin gitar ES-175 ta Gibson tun 1949, galibi da tsirkiya mai kauri, lamba 12 ko 13, maimakon 9 ko 10 da aka saba sa wa toshasshiya. Amma daɗin yana fitowa ne a matsakaicin sauti mai tsabta.

Idan siffar ce ta kama ka, akwai ta tsakiya. A 1958 Gibson ya yi ES-335: gefe biyu rami, amma an ratsa tsakiyarta da dunƙulen katako daga wuya har gindi. Sai dai ka kula, ido yana ruɗi. Gitar Epiphone Casino kamanninsu ɗaya, alhali babu wannan katakon a cikinta. Haska tocila ta tsagar ka leƙa kafin ka biya. Ko ta tsakiyar ma tana iya yin ƙugi, makaɗin gita B.B. King da kansa ya sa an yi masa tasa ba tsaga ko ɗaya.

Sannan ka tuna da ranar gyara. Toshasshiya, kunce ƙusoshin murfi kaɗan ka ga wayoyi. Mai rami yawanci ba ta da murfi, sai an zaro maɓallin ƙara sauti ta tsaga, a ja shi da zare a mayar. Aikin minti 15 sai ya cinye awa guda.

Wajen gwaji, ka sa amfilifaya a ƙarfin da kuke kiɗa, ka tsaya kamar mita biyu daga gare ta, ka ɗauke hannunka daga tsirkiyoyin. In ƙugi ya taso da kansa, ba taku ba ce.

Tambaya: Na cire tsirkiyoyin gitata mai rami gaba ɗaya, sai jakin da suke hawa ya faɗo. Na mayar, amma sauti ya ƙi daidaita.

Amsa: Jakin irin wannan gita ba a manne yake ba, nauyin tsirkiya ne kawai ke danne shi. Auna daga inda tsirkiya ta taso a kan wuya zuwa na 12 cikin ƙarafan da ke jere a wuyan, ka ninka biyu; nan ne mazauninsa, da ƙarin milimita 2 zuwa 3 a ɓangaren tsirkiya mai kauri. Ka ɗaure, ka daidaita sauti, sannan ka danna a ƙarfe na 12 ka duba na'urar daidaitawa. In sautin ya haura, matsar da jakin baya. In ya gaza, matso da shi wajen wuya. Sassauta tsirkiyoyin kafin kowace matsarwa, don kada ƙafar jakin ta karce fenti. Nan gaba ka riƙa canza su ɗaya bayan ɗaya.