Amsar tambayar hoton kan jaririn

Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri, yanzu na sauka daga aikin dare a ɗakin jarirai na asibiti shi ya sa kuka ji ni shiru. Ƙanina, na saurari muryarka har sau biyu. Ka ce jaririnka bai samu isasshiyar iska ba wajen haihuwa, likita ya ce a dakata sai yaro ya kwana huɗu ko biyar kafin a yi masa hoton ƙwaƙwalwa na MRI, kana tambaya me zai hana a yi yau tunda kuɗin na hannu. To ni na san ba jiran ne ke cin ranka ba. So kake wani ya faɗa maka ko yaron nan zai zauna, zai taka, zai yi magana. Zan zo nan, amma bari in fara da jiran, don likitan yana da gaskiya.

Ka ga ciwon da rashin iska ke yi wa ƙwaƙwalwar jariri ba kamar karaya ba ne, da za a ɗauki hoto nan take a ga ƙashi ya rabu. A hankali yake fitowa. Bayan an samu yaro ya yi numfashi, akwai 'yan sa'o'i da abin ke lafawa, sannan daga wajen awa 6 ƙwayoyin da suka jigata su fara mutuwa, a yi ta yi har kwana biyu uku. In ka ɗauki hoto ran farko, sai ya nuna maka kaɗan alhali da saura. Akwai nau'in hoton da ke bin yadda ruwa ke motsi a cikin naman ƙwaƙwalwa, shi ya fi kama ciwon tsakanin kwana 3 zuwa 5. Daga nan kuma sai ya riƙa dusashewa, wajen kwana 7 zuwa 10, wato daidai lokacin suna ko bayansa kaɗan, ya koma kamar ba komai, ciwon kuwa yana nan. A lokacin sai a koma kan hoton MRI da aka saba, shi kuma a mako na biyu ya fi fito da tabon. Shi ya sa wasu asibitocin sau biyu suke yi. Kuma yaro mai jijjiga, ga robar iska a hanci, ba a gaggawar ɗaukarsa zuwa ɗakin na'ura, sai ya ɗan daidaita.

To abin da hoton ke faɗa. Ba girman tabon kawai ake dubawa ba, inda yake shi ne magana. In iska ta yanke farat ɗaya, kamar mabiyiya ta ɓalle, ko mahaifa ta fashe, ko cibiya ta riga yaro fitowa ta matse, can tsakiyar ƙwaƙwalwa abin ke bugawa, wurin da muke cewa talamus da maƙwabtansa. Nan ne ake sarrafa motsi, kuma in ciwon ya yi yawa a nan, shi ke kawo sanƙarewar gaɓoɓi, da wahalar haɗiya. Akwai wani ɗan siririn layi a wurin, hanyar da saƙo ke bi ya sauka hannu da ƙafa. Tun 1998 wata likita a Landan, Mary Rutherford, da abokan aikinta suka nuna cewa in hasken layin nan ya ɓace a hoto, mafi yawan yaran suna samun matsalar motsi. In yana nan lafiya, alama ce mai daɗi ƙwarai.

In kuwa iskar raguwa ta yi a hankali, irin na doguwar naƙuda, kamar yadda ka ce matarka ta kwana ta wuni, to ya fi taɓa gefe-gefe, inda jijiyoyin jini ke ƙarewa. Kamar noman rani ne a Kadawa, in ruwa ya yi ƙasa, gonar da ke can ƙarshen magudana ita ke fara bushewa. Irin waɗannan yaran da yawa suna tafiya, sai dai abin ya fito daga baya, a magana, ko karatu, ko farfaɗiya, ko ka ga kai bai girma yadda ya kamata ba. Af, bari in gyara, kar ka ɗauka na ce na yaronka ke nan. Ban ga hoto ba, ban ga fayil ba, kuma sau da yawa iri biyun suna haɗuwa a yaro ɗaya.

Akwai ma wani awo da ake yi da na'urar, ana auna wani sinadari a talamus ɗin. Wani bincike da ya fito a 2019, MARBLE, kan jarirai sama da 200, ya nuna awon nan ya fi hoton zalla iya hasashen yadda yaro zai kasance a shekara biyu. Amma yana son babbar na'ura da wanda ya ƙware, kar ka sa rai da shi, bar wannan ma.

Kawu, na ga abin da kuka turo, cewa Turawa sanyaya jariri suke yi, a samo ƙanƙara. Don Allah Kawu, ku yi haƙuri, kar a yi. Gaskiya ne ana sanyayawa, amma da katifa ta musamman mai na'ura, a riƙe zafin jiki a digiri 33.5, awa 72 cur, a fara kafin yaro ya cika awa 6, kuma sai wanda ya kai mako 36 a ciki. Ana duba zuciya, ana duba jini, ga na'urar numfashi a gefe. Binciken Amurka na 2005 da na Ingila na 2009 sun nuna yana taimakawa a can. Amma da aka gwada a Indiya da Siri Lanka da Bangaladash, jarirai 408, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna waɗanda aka sanyaya sun fi mutuwa, 42 cikin ɗari, waɗanda ba a sanyaya ba 31. A asibiti fa ke nan, da ƙwararru. Ina ga ƙanƙarar leda? Kuma awa shidan ma ta wuce. Abin da ake so yanzu kar jikinsa ya yi zafi, kar sukarinsa ya faɗi, a tsayar da jijjigar.

Abin da ke ƙona min rai, wallahi har yau in na tuna, wata yarinya ce shekarun baya. An haife ta ba ta yi kuka ba, aka yi mata sikani ta maɗiga washegari, wani ya dubi takarda ya ce wa uban ba komai, ku je gida. Kalmar nan ta ba komai ita ta cuce su. Sikanin maɗiga yana da amfani, yana nuna zubar jini da kumburi, amma a kwanakin farko yana tsallake irin wannan ciwon. Ba su dawo ba sai da ta kusa shekara biyu, ƙafafu sun sanƙare sun harɗe, hannu a dunƙule. A tsakani an kai ta wajen masu magani sun fi a ƙirga, an yi hayaƙi, an yi tsaga, dangin miji suna ce mata 'yar ruwa, a gaban uwar. Uwar nan yarinya ce ƙarama, ta zauna tana ba ni labari tana kuka, wai har cewa aka yi a kai ta bakin rafi. Yarinyar da iska kawai ta rasa wajen haihuwa! Da an ce musu ku dawo bayan wata uku, da tuni an fara mata gashin ƙashi tun gaɓoɓin suna da laushi. Ba na cewa da ta warke, a'a, amma da ba ta kai haka ba. Shekara biyu fa. To.

Ina na tsaya? Eh. Ƙanina, in hoton ya fito da kyau, ka yi hamdala, yawancin irinsu suna tashi ba babbar nakasa, amma duk da haka a riƙa kai shi ana dubawa har ya shiga makaranta. In ya nuna ciwo, hasashe ne, kuma likita ba da hoton kaɗai zai yi magana ba. Zai haɗa da awon lantarkin ƙwaƙwalwa in akwai, da ranar da jijjiga ta tsaya, da ranar da yaro ya kama nono da kansa. Mu a ɗakin jarirai wannan na nonon muna kallonsa sosai. Sannan a wata 3 zuwa 5 akwai wani ɗan mutsu-mutsu da jarirai ke yi in suna kwance a farke, masana suna karanta shi, ka ɗauke shi a waya minti uku ka kai musu. Cikakken awo kuma sai wata 18 zuwa shekara biyu.

Ran da sakamako ya fito ka tambayi likita, ina ne ciwon, tsakiya ko gefe, layin nan yana nan, kuma yaushe za mu dawo. Ka rubuta, don za ka manta. Ita kuma maijego ta ci gaba da tatsar nono duk bayan awa uku ko da ta roba ake ba shi, kar ya ƙafe. Hajiya, ku taimaka mata da kwanciyar hankali, kar a bari kowa ya ɗora mata laifi. Zan shigo gobe bayan la'asar in sha Allah, ka ajiye min takardun duka, har da na ɗakin haihuwa.