Amsa ga ɗan'uwanmu mai a-kori-kurar da injinta ke ƙwanƙwasa

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Wallahi da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don abin da ka faɗa shi ne ya same ni sak. Ka ce tsohuwar a-kori-kurarka mai shan fetur ta fara ƙwanƙwasa, ƙarar tana ƙaruwa in injin ya ɗau zafi, wani bakanike ya ce a sauke injin, wani kuma ya ce a zuba mata baƙin mai mai kauri ka ci gaba da neman abincinka. Don girman Allah kada ka bi shawarar na biyun nan. Na farkon ma ka dakatar da shi tukuna, har sai an san daga ina ƙarar take fitowa.

Tawa haka ta fara, ƙwas-ƙwas can ƙasan injin in ta yi zafi, fitilar mai tana ɗan ƙiftawa a silo. Na kai wa bakaniken da na daɗe ina hulɗa da shi, mutumin da nake miƙa wa makulli in tafi ban ko waiwaya ba. Ko sunkuyawa bai yi ba. Yana tsaye hannu a aljihu ya sa yaronsa ya ba ta wuta, ya ce tafet ne, wato ƙananan ƙarafan da ke tura bawul a saman injin. Ya juye man ya zuba mai kauri, ya ƙara wani maganin gwangwani mai yauƙi, ƙarar ta lafa. Da na yi masa maganar fitilar sai ya ce suwic ɗin ne ya tsufa, gobe zai sa sabo. Ashe wayar suwic ɗin fitilar ya zare ya cusa ta bayan filta. Abu ɗaya da zai gargaɗe ni a hanya shi ya kashe da hannunsa, bai faɗa mini ba.

Da daddare abin ya faru, mota cike da kayan mutane, ina hawan tudu. Ƙarar ta dawo da ƙarfinta, kafin in samu gefen da zan tsaya sai na ji wani dam, motar ta girgiza ta mutu. Na sauko da tocila, mai yana malala a kwalta yana tururi. Na haska gefen bulok na ga rami, hannuna ya shige ciki, guntun kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf (babban ƙarfen da ke juyawa a ƙasan injin), a lanƙwashe yana leƙowa. Na zauna a bakin titi jikina yana rawa, mai kaya yana ta kira na kasa ɗagawa. Motar nan da ita nake riƙe gida. Da na koma wurin mutumin nan da wayar da ya zare a hannuna, ko haƙuri bai ba ni ba, cewa ya yi ai mota ta tsufa, dama kwananta ya ƙare. Har yau in na tuna yadda ya faɗi maganar yana goge hannu da tsumma, raina ɓaci yake yi. Wanda ya buɗe injin daga baya ya nuna mini metal ɗin silinda ta uku, wato siririn ƙarfen da ke tsakanin kwanrod da karanshaf, ya cinye ya juya, wuyan karanshaf ya yi shuɗi don zafi. Ya ce da tun ranar farko aka kwance botom filet, wato kaskon mai na ƙasan injin, da wankin karanshaf (goge shi a na'ura) da sabon metal sun wadatar.

To ka fara da kunnenka, don ƙwanƙwasa ba iri ɗaya ba ce. In ƙarar siririya ce kamar tsakuwa a gwangwani, tana zuwa ne kawai in ka taka totur da kaya ko a hawa, ka ɗaga ƙafa ta ɓace, to da sauƙi. Fetur ne yake fashewa a silinda ba bisa tsari ba. Ko man ba shi da kyau, ko taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, ya yi gaba da yawa, ko baƙin ƙuna ya taru a kan fistin, ko injin yana wuce zafinsa, ko kafireta ba ta ba da isasshen mai. Canja gidan mai ka gani. A duba taimin da fitilar taimin, lambar tana rubuce a takardar da ke manne ƙarƙashin bonet in ba ta goge ba, kada a murɗa distibuta da ka. Fulogi ma a tabbata lambar da ta dace da injin ce. In motar mai kwamfuta ce a jona mata na'ura, lambar P0325 tana nuna matsala a layin sensar da ke jin ƙwanƙwasar. Wannan nau'in ma ba abin bari ba ne, in ya daɗe yana fasa bakin fistin ya karya ringi.

Amma tunda ka ce taka tana ƙaruwa da zafi, ni metal nake tsoro. Ƙararsa mai nauyi ce, daga ƙasa, tana bin gudun injin, kuma tana fitowa fili in mai ya yi zafi ya tsinke. Ga gwajin da ba ya cin komai: injin yana silo, a zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba a hannu. In an zare ta wata silinda ƙarar ta ragu sosai, an mayar ta dawo, to matsalar tana kwanrod ɗin nan. Sannan ka ɗauki dogon sukundireba, kan a jikin injin, ƙotar a kunnenka, ka bi sama da ƙasa, ka kiyayi fanka da fambel. Tafet a sama yake, cak-cak yake yi marar nauyi, kuma a rabin gudun injin, tunda kamshaf zagaye ɗaya yake yi in karanshaf ya yi biyu. Da mutumin nan ya yi wannan kaɗai da bai ce mini tafet ba ne. Ƙarar da take zuwa da sanyin safiya ta ɓace in injin ya ɗumama, yawanci fistin ne ya yi sako-sako a silinda, ko gaskit ɗin manifol na salansa yana fitar da iska, za ka ga baƙin hayaƙi a wurin. In daga gaba ne, a duba sarƙar taimin.

Kuma ka juye man da kanka a cikin tsabtataccen mazubi ka kai shi rana. In ka ga ƙyalli, musamman mai launin jan ƙarfe, magana ta ƙare, metal ne yake ci. A yanka filtar a buɗe takardar ciki a duba. Fitilar dashbod kada ka dogara da ita, ba ta kamawa sai ƙarfin mai ya faɗi ƙasa ƙwarai. A ɗaura gejin hannu a ramin suwic ɗin, injin da zafinsa. Abin da aka saba aunawa da shi shi ne kusan psi 10 (ma'aunin ƙarfin mai a gejin) a kowane zagaye 1,000 na injin a minti ɗaya. Mai mai kauri yana cike giɓin ne ya toshe ƙarar, ƙarfen kuwa yana ci gaba da cin ɗan'uwansa a ciki.

Wani abin da ke ƙona mini rai, masu cire tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan injin, su jefar wai don kada mota ta yi zafi. Injin an yi shi ne ya yi aiki a wajen digiri 80 zuwa 90, in yana yawo da sanyi ƙuna take taruwa kuma fetur ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai. A wanke lagireto a sa tamostat mai kyau. Mu ma direbobi, jan kaya a babbar giya injin yana nishi yana dukan metal sosai, a sauko giya.

In ya tabbata metal ne, kada ka yarda a sa sabo a kan karanshaf da ba a auna ba. In ya yi zane ko ya daina zama da'ira, a kai a wanke shi zuwa 0.25 ko 0.50 na milimita a sa metal daidai da lambar. A auna kwanrod ɗin ma, a wanke hanyoyin mai da matatar famfon, a duba famfon kansa, a ɗaure kusoshi da sifanar awo. Ka tsaya a wurin ka ga kowane abu da idonka.

Yanzu dai ka ajiye ta, in za a kai gareji a ja ta. Ka yi gwajin fulogin, ka duba man, ka dawo ka faɗa mana abin da ka gani, ka kuma gaya mana ko fitilar mai tana ƙiftawa a silo. Allah Ya sa abin ya tsaya a taimin.