Tambayoyinku: Direba Ba Ya Gadon Mota

Tambaya: Malam, ina koyon Java, harshen rubuta manhajar kwamfuta, a jami'ar KNUST. A zanen UML (zanen da ke nuna tsarin manhaja kafin a rubuta ta) na manhajar tashar trotro, wato ƙananan motocin haya, na sa ajin Direba ya gaji ajin Mota don ya samu lambar motar (aji, wato class, shi ne samfurin wani nau'in abu a manhaja). Malaminmu ya soke da jan biro. Ina laifina? Daga wani ɗalibi a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Ƙanena, ai malaminka ya yi maka da sauƙi. Direba mota ne? Fetur yake sha? Wannan kuskuren yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin ɗalibai sun mayar da gado hanyar satar bayanai daga wani aji. Kibiyar nan mai kan alwatika fanko, wadda ita ce alamar gado a UML, abu ɗaya take faɗa: wannan nau'in wancan ne. Trotro nau'in Mota ce, tasi ma haka, su ne magada. Direba kuwa tuƙi yake yi, don haka layi miƙaƙƙe za ka ja tsakaninsu, ka rubuta adadi a bakin kowane gefe: 1 in ɗaya ne, 1..* in ɗaya ne ko fiye.

Illar kuma ba a takarda take tsayawa ba. Duk abin da ka ƙara wa Mota gobe, ko taya ko inshora, Direba zai kwashe shi. Sannan a Java aji ba ya gadon uba biyu. Ranar da ka so Direba ya gaji Ma'aikaci don lissafin albashi, ka riga ka toshe ƙofar da hannunka. Kafin ka taɓa kwamfuta, karanta kowane layi da ƙarfi da Hausa. In jimlar ta ba ka dariya, goge.

Tambaya: Daimon baƙi da daimon fari da ake sa wa a bakin layi a zanen UML, mene ne bambancinsu? Daga wata 'yar'uwa a Nima, Accra.

Amsa: Malama, baƙin yana nufin in babba ya tafi, ƙarami ya bi shi: share rasit, layukan kayan da ke cikinsa sun tafi. Farin kuwa, rushe ƙungiyar direbobi, direbobin suna nan. Daimon ɗin a gefen babban yake zama.

Tambaya: Wace manhaja zan yi zanen da ita a waya? Daga wani matashi a Sabon Zongo.

Amsa: Bar wayar. Fara da takarda da fensir, in zanen ya zauna ka buɗe draw.io a kwamfuta, kyauta ne.