Furofayil ɗaya ba zai ɗauki kowane zare ba: amsa kan saitin Ender 3

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka sayi Ender 3, injin buga abubuwa na 3D, ka kwafi saitin wani daga YouTube ka zuba a Cura, manhajar da ke shirya zane don injin ya buga, aiki ya yi kyau sati biyu. Da ka sa sabon zare, wato robar da injin ke narkarwa ya yi bugu da ita, sai abu ya fara fitowa da gashi-gashi kamar saƙar gizo, wani ma ya ɓalle daga faranti tun bai yi nisa ba. Kana tambaya ko wani zai turo maka furofayil guda, wato tarin saiti, da za ka riƙe ka huta.

Zan iya turo maka nawa, amma ba zai yi maka magani ba. Nawa na injina ne, da zarena, da ɗakina a Kano. Abin da ya sa na daina asarar zare shi ne ranar da na raba saitin gida uku: na inji, na zare, na aiki. PrusaSlicer da OrcaSlicer, manhajoji irin Cura, haka suka tsara shi tun asali, shi ya sa na koma can. A Cura ma za ka iya, sai dai kai za ka riƙa kula kada su cakuɗe.

Na inji sau ɗaya ake yin sa. Girman faranti 220 da 220, tsawo 250, bakin nozul (inda narkakken zare ke fitowa) 0.4, kaurin zare 1.75, duka a milimita. Abin da mutane ke tsallakewa shi ne auna ko injin yana tura zaren da aka ce ya tura. Zafafa nozul, auna milimita 120 daga inda zare ke shiga, sa alama da maka, umarce shi ya tura 100. In saura 20, lafiya lau. In saura 24, to 96 ya tura. Ender 3 yana zuwa da lambar tura zare 93, sai ka ninka 93 da 100 ka raba da 96, ka samu kusan 96.9. Ka aika wa injin umarnin M92 E96.9 sannan M500 don ya adana. In ba ka yi wannan ba, duk gyaran da za ka yi a gaba gini ne a kan yashi.

Matsalarka tana cikin na zare, nan zan daɗe. Rubutun PLA (sunan nau'in robar) a kwali bai sa zare biyu su zama ɗaya ba. Kamfani ɗaya ma, baƙi da fari kan bambanta da digiri biyar ko goma, saboda sinadarin launin. Duk sabon naɗi da na buɗe, sai na fara buga hasumiyar gwajin zafi daga 220 zuwa 190, kowane hawa ya ragu da biyar. OrcaSlicer yana da ita a ciki. In ta gama, kada ka tsaya kallon wanne hawa ya fi sheƙi, karya ta da hannu ka ga inda ta fi ƙarfi. Yawancin PLA ɗina tsakanin 200 da 210 suke tsayawa, faranti 55 zuwa 60, fanka a cike. PETG kuwa, wani nau'in roba da ya fi jure zafi, 235 zuwa 245, faranti 75 ko 80, fanka ƙasa da rabi, kuma kada ka buga shi a kan farantin gilashi tsirara. Shafa gam ɗin sanda tukuna, don yakan kama har ya ɓantaro gilashin.

Gashin da kake gani, bayan zafi sai ka duba ja-bayan zare, wato yadda injin ke janye zare baya kafin nozul ya matsa zuwa wani wuri. Injinka mai dogon tiyo ne tsakanin motar da ke tura zare da nozul, don haka yana son milimita 5 zuwa 6. In mai bidiyon nan ya mayar da nasa motar saman nozul, lambarsa ba ta cika wuce 1 ko 2 ba, kuma ita ka kwafa. Amma kafin ka taɓa lamba, kasa kunne. In kana jin ƙaramin tas-tas a bakin nozul, zaren ya sha raɓa, babu saitin da zai gyara shi sai ka busar. PLA awa huɗu zuwa shida a digiri 45, PETG a 65. A watan Agusta na ga naɗin PETG da na bari a buɗe ya lalace cikin mako guda. Yanzu duk nawa suna cikin bokiti mai murfi da ƙullin silika mai shanye raɓa.

Yanayinmu ma yana shiga saiti, abin da masu bidiyon Turai ba za su gaya maka ba. Da hunturu ƙura ce ke hana sahun farko na bugu kama faranti. Wanke gilashin da sabulu, kada yatsa ya sake taɓa shi, sannan ka daidaita farantin da takarda yana da zafi. Da bazara kuma ina sauke farantin PLA zuwa 50, don ɗakin kansa ya riga ya ɗauki zafi. PLA yana fara laushi wajen digiri 60. Na taɓa buga wa wani maƙalin waya na mota da shi a watan Afrilu, kwana biyu ya dawo min da shi a lanƙwashe, na ji kunya ƙwarai. Duk abin da zai zauna a mota ko a rana, PETG nake yi.

Na aiki ba wahala. Uku gare ni: kaurin sahu 0.28 don gwaji, 0.2 na yau da kullum, 0.12 don ƙananan abubuwa. In ƙarfi kake so, ƙara bango zuwa huɗu ya fi ka cika ciki zuwa kashi 80.

Abu ɗaya kacal za ka riƙa canzawa a kowane gwaji, ka rubuta a littafi. Kada ka gyara furofayil mai aiki, kwafe shi ka gyara kwafin. Sa masa suna mai magana, kamar PLA-baƙi-205-damina. Aikin da ya fito da kyau, adana shi a fayil nau'in 3mf, don yana riƙe saitin tare da zanen, in mai kaya ya dawo bayan wata shida ba sai ka yi lalube ba.

Yi awon 120 ɗin nan da hasumiyar yau, ka ɗauko hoton gaba da baya da kuma ƙasan sahun farko, ka faɗi lambar ja-bayan da ke cikin Cura ɗinka. Daga nan sai mu ga na gaba. Allah ya taimaka.