Amsa ga 'yar uwar da ɗanta ya koma fitsarin kwance

Assalamu alaikum 'yar uwa. Na karanta tambayarki, inda kika ce ɗanki mai shekara bakwai ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa, kullum da safe yana kukan ciwon ciki idan za a tafi makaranta, ke kuma barci ya ƙaurace miki, abu kaɗan sai tsawa da duka, tun lokacin da kasuwar maigidanki ta ja baya. Kin tambaya ko rashin ji ne, ko kuwa a nemo masa maganin iska. Ni malamar firamare ce mai 'ya'ya biyar a nan Gwammaja cikin Kano, kuma irin wannan hali ya taɓa samun gidana, shi ya sa na kasa wucewa ban ce komai ba.

Bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, cinikin maigidana a Kantin Kwari ya yi sanyi ƙwarai, ga kuɗin adaidaita sahu ya tashi, ga kuɗin makarantar boko da na Islamiyya, ga mai garuwa kullum a ƙofa. Ba mu taɓa sa-in-sa a gaban yara ba, don haka na ɗauka ba su san abin da ake ciki ba. Sai dai shi yakan shigo ya zauna shiru yana kallon waya, ni kuma ina madafa ina ta buga kwanuka. 'Yata ta uku, mai shekara takwas a lokacin, ta fara cin farce har yatsunta suna jini, ta kuma rage cin abinci, ni ko ina ta yi mata faɗa a kan ƙazanta da tsirfa. Wata rana ina kaɗe shimfiɗa na tarar da ƙullin leda a ƙarƙashin matashinta, a ciki akwai guntun burodi da ya bushe da 'yan naira hamsin-hamsin na kuɗin tara da ake ba ta. Da na lallashe ta, sai ta ce ta ji Abba yana faɗa a waya cewa kuɗin haya bai haɗu ba, shi ne take tarawa don kada a kore mu. Yarinyar ta yi makonni tana wuni da yunwa a makaranta saboda magana ɗaya da ta tsinta ta bayan labule, ni kuma ina hukunta ta a kan alamar ciwon da ban gane ba.

Yaro ba shi da kalmomin da zai ce hankalina a tashe yake, don haka jikinsa ne ke yi masa magana. Idan tsoro ko fargaba suka daɗe a zuciya, jiki yana sakin sinadarai irin su adiranalin da kotizol, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, ciki ya murɗa, barci ya lalace, saboda haka ciwon cikin da ɗanki ke faɗa yana jin sa da gaske, ba ƙarya yake yi don gudun makaranta ba. Ƙananan yara sukan koma halin da suka riga suka wuce, kamar tsotson yatsa, liƙe wa uwa, firgita cikin dare da fitsarin kwance. A aji ina gane su da gyangyaɗi, da rubutun da ya lalace ba zato, da faɗa da abokai a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Manyan kuwa sai su yi shiru, su tsananta wa ƙannensu, ko namiji ya riƙa daɗewa a majalisa don ba ya son zaman gidan.

Duk da haka, kada ki yanke cewa damuwa ce kaɗai kafin likita ya duba shi. Fitsarin kwance da ya dawo bayan an daina yana iya zama alamar ƙwayoyin cuta a mafitsara, ko taurin bayan gida, ko ciwon sukari, musamman idan yana yawan jin ƙishirwa yana ramewa, kuma yara masu sikila ma sun fi saurin yin sa. Ki kai shi asibitin yara na Hasiya Bayero ko asibitin Murtala a gwada fitsarinsa. Sannan ki zaunar da shi ke da shi kaɗai, ba a gaban yayyensa ba, ki tambaye shi a hankali ko akwai mai cin zalinsa a makaranta ko a hanya, ko wani babba da ke taɓa shi ta yadda ba ya so. Tambayar tana da nauyi a baki, amma wajibi ce.

Abin da nake roƙonki ki daina tun daga yau shi ne duka da gori a kan fitsarin, kuma ki hana 'yan uwansa yi masa waƙar amalala. Mutum ba ya mallakar mafitsararsa yana barci, kunya kuma ƙara tsoro take yi, tsoron ya ƙara fitsarin. Ki shimfiɗa leda a kan katifa, ki rage masa shayi da lemo da daddare, ya zagaya kafin ya kwanta, idan kuma ya yi, ku wanke zanen ba tare da kowa ya ji ba.

Sai kuma ke kanki, domin a nan ne nake ganin tushen maganar. An raine mu da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma akwai hikima a rufin asiri, amma abin da aka haɗiye ba ɓacewa yake yi ba, fitowa yake ta ciwon kai, da riƙewar ƙeya, da faɗuwar gaba, da mantuwa. Ni sai da na zuba gishiri sau biyu a miyar kuka a mako guda kafin na yarda na je aka auna jinina. Da na lura da kaina, sai na ga tsawata ba ta wuce lokuta biyu: da safe wajen shirin makaranta, da kuma tsakanin magariba da isha'i, lokacin da kowa ya gaji yana jin yunwa. Sai na mayar da guga zuwa duk lokacin da aka kawo wuta, ana haɗa safa da littattafai tun dare, na raba aiki har da maza, na kuma dawo da abincin dare da wuri. Yara masu shekara 6 zuwa 12 suna bukatar barcin awa 9 zuwa 12, kuma da na kashe talabijin bayan isha'i rigimar safe ta ragu sosai. Idan na ji raina ya ɓaci ina bin abin da Annabi (SAW) ya koyar, wanda yake tsaye ya zauna, ko kuma in je in yi alwala kafin in yi magana. Ranar da na kasa na daki yaro ba bisa haƙƙi ba, ina kiransa in ba shi haƙuri, kuma hakan bai taɓa rage mini girma a idonsu ba. Ina kuma gargaɗinki da babbar murya a kan shan maganin barci ko na tari don a samu a runtsa, da ba yara maganin mura don su yi shiru. Ba banza gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018 ba, akwai matan da daga neman barci suka faɗa shaye-shaye.

Maigida kuma kada ki tare shi da lissafi a bakin ƙofa. Ni na jira ya ci abinci yara sun kwanta, na ba shi labarin ƙullin ledar nan, na ga idonsa ya kawo ruwa. A daren muka rubuta duk abin da ke shiga da abin da ke fita a takarda, na ajiye ankon biki na shekarar, na rage zubin adashe, shi kuma ya je ya nemi mai gida ya raba masa kuɗin haya biyu. Washegari ya tara yaran da kansa ya ce musu kasuwa ta yi sanyi, za a rage wasu abubuwa, amma babu mai korarmu, kuma neman kuɗi aikinsa ne, ba nasu ba. Yara suna iya ɗaukar gaskiya daidai shekarunsu fiye da shirun da ke barinsu da zato.

Masu cewa damuwa rashin tawakkali ce su tuna cewa Annabi (SAW) da kansa yana neman tsarin Allah daga damuwa da baƙin ciki da nauyin bashi. Ki riƙe addu'a da azkar, ki kuma samu 'yar uwa ɗaya mai riƙon amana da za ki riƙa amayar wa abin da ke ranki. Amma idan kika wuce mako biyu kina kuka ba dalili, babu abin da ke miki daɗi, ko zuciya na raya miki gara mutuwa, ko ki cutar da yaran, to kada ki jira, ki je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau. Zuwa can ba hauka ba ne, masu jego da yawa ma suna bukatar hakan ba su sani ba.

'Yata ta ɗauki kusan wata biyu kafin ta daina cin farce gaba ɗaya, kuma a tsakani ta koma sau da yawa, don haka kada ki karaya idan ɗanki ya yi kwana uku a bushe ya sake jiƙa shimfiɗa. Har yanzu duk ranar Juma'a idan ina yanke musu farce, nata nake fara dubawa. Allah ya ba yaronki lafiya, ya buɗa wa maigidanki kasuwa.