Manhajar da za ta koya wa mutum jin jikinsa, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ni ɗalibar kwamfuta ce a ajin ƙarshe, furojet ɗina manhajar waya ce da za ta taimaka wa mutane su riƙa lura da abin da jikinsu ke gaya musu, irin su bugun zuciya, yunwa, ƙishirwa da gajiya. Na yi niyyar kyamara ta auna bugun zuciya ta riƙa nuna lambobi da jadawali. Hakan ya isa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'a. Gaskiya bai isa ba, kuma in ba ki yi hankali ba sai manhajar ta koya wa mutum sauraren waya maimakon sauraren jikinsa.

Abin da kike son koyarwa masana na ce masa intarosefshan, wato jin abin da ke gudana a cikin jiki, asalin kalmar daga Charles Sherrington ne, wani masani ɗan Ingila, tun 1906. Akwai wata doguwar jijiya, bagus, da ta haɗa ƙwaƙwalwa da zuciya da huhu da ciki, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na zarenta daga jiki yake kai rahoto sama, ba umarni yake kawowa ƙasa ba. Kin ga kenan jiki kullum cikin magana yake, mu ne dai ba ma ji.

Toh ga inda zan fi tsayawa. Kar waya ta fara magana, mutum ya fara. Ya zauna, ya ɗora yatsa a kan kyamara, allon ya yi duhu, ya ƙirga bugun da yake ji a ƙirjinsa ba tare da ya taɓa wuya ko wuyan hannu ba, ya rubuta adadin, sai a sannan manhaja ta nuna masa nata. Wannan gwajin Rainer Schandry ne na Jamus, 1981, ana yinsa na daƙiƙa 25, 35, 45 haka. Amma yana da baraka, dan wanda ya san zuciyarsa kan buga kamar 70 a minti zai iya yin lissafi kawai ya canka daidai alhali bai ji komai ba, saboda haka ki riƙa sauya tsawon lokacin kuma ki ɓoye agogo. Ki ƙara tambaya guda, "yaya tabbacinka?" Sarah Garfinkel da abokan aikinta sun nuna a 2015 cewa iya ji daban, zaton ka iya ji daban, za ki sha mamakin wanda zai rantse miki yana jin kowane bugu amma ya zubar da rabi.

Lambobin nan kuma ki rage su. A 2017 masu bincike a Amurka har suna suka raɗa wa matsalar, otosomniya, mutanen da damuwa da makin barci na agogon hannunsu ta hana su barcin kansa. Mutum ya tashi garau, agogo ya ce bai yi barci mai kyau ba, shikenan ya wuni a gajiye.

Sai maganar harshe, kuma nan ne za ki fi manhajojin waje in kin so. Kar ki ɗauko jerin ƴan fuskokin murmushi da ɓacin rai ki fassara, Bahaushe dama da jiki yake faɗin halin da yake ciki, gabana ya faɗi, jikina ya yi sanyi, tsigar jikina ta tashi, hantar cikina ta kaɗa, jikina ya mutu. Ki sa hoton jiki mutum ya dangwala inda yake jin abin, ya zaɓi irin waɗannan kalmomin ko ya yi rikodin murya, wanda karatu bai ishe shi ba ma ya samu shiga. Tunatarwa kuwa sau biyu ko uku a rana ta wadatar, ya zaɓi lokacinsa da kansa, da yawa za su ce bayan sallah tunda dama a zaune suke.

Abu ɗaya da ba na so ki yi wasa da shi, masu fargaba. Wanda faɗuwar gaba ke damunsa dama ya cika sa wa zuciyarsa ido, in kika ce ya saurare ta sai abin ya ƙaru. Ki ba shi zaɓin farawa da tafin ƙafa ko ɗumin hannu, da maɓallin tsayawa babba a fili. Kuma in wani ya dangwala ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi ko jiri mai kai wa suma, manhaja ta ce masa ya tafi asibiti yanzu, kar ta ba shi atisayen numfashi.

Kyamarar ma sai kin gwada ta a kan Tecno da itel na mutane ba wayarki kaɗai ba, fitilar kan ɗau zafi, motsi kaɗan yana ɓata awon, ki gwada har da yatsa mai lalle. Ni da zan ba ki shawara, kafin ki rubuta layi ɗaya na kod ki tara ƙawayenki goma a hostel da takarda da biro, ke ki riƙe musu wuyan hannu kina ƙirgawa su kuma suna canka, ki rubuta kalmomin da suke faɗa da bakinsu.